Kubura Mai Kitso da Ƙumar Ɓerayen Toranke

Duk wanda ya ce maka hannun Kubura yana jin magana, to bai taɓa zama kusa da ita ba. Ni na zauna, shekara hamsin da ɗoriya. Taubashiyata ce, babanta wan innata ne, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe a Kademi, don haka ina da damar faɗar abin da na ga dama a kanta, ita ma ba ta raga mini. Sunana Ɗantani, adaidaita sahu nake tuƙawa a Gaya. Ita kuwa tun ranar da na fara ba ta sake kirana da wani suna ba sai direban gwangwani.

Tun tana 'yar shekara tara take kitso. Da gashin masara ta fara, ta koma kan ƙannenta, daga nan ta bi kawunan unguwa kaf. Da aka kawo ta Gaya gidan marigayi Malam Yahya, masinjan sakatariya, ba a rufa wata uku ba gidan ya zama kasuwa. Shuku ne, kalaba ce, zane ne, duk wanda kika ambata za ta yarfa miki shi tana ba ki labarin garin nan har da wanda bai riga ya faru ba. A kasuwa in ta hango ƙeyar mace, ko da ɗankwali ya rufe rabi, sai ta taɓo ka ta ce wannan hannun wance ne, tana jan gashi kamar mai jan guga. Ban taɓa ganin ta kuskure ba.

Akwai kuma wani aikin da ba a biyanta, ba a kuma gode mata, don ba wadda ta san an yi mata shi. In tana tsaga kai ta ci karo da ƙwarƙwata, ba ta fasa magana ba ta canza fuska. Yatsa biyu ne za su sauka, farce ya haɗu da farce, ka ji ƙas, labari ya ci gaba. Shekara arba'in tana wannan, ba ta taɓa tona asirin kan kowa ba.

Malam Yahya ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Huɗu sun kama noma da aure. 'Yar autar, Fiddausi, ita ce ta ƙwallafa rai a boko, har ta kai ga digiri na biyu a wata jami'a a Kano, tana karatun ƙwayoyin cuta. Duk matar da ta zauna a gaban Kubura sai ta ji labarin wannan digiri, ko tana so ko ba ta so.

A bazarar bara Fiddausi ta dawo gida fuska a murtuke. Ina nan zaune ina shan fura ta bati, don haka a gabana aka yi. Kubura ta tsare ta, ta ce sai ta faɗi abin da ke damunta, kuma da Hausa.

"Inna, akwai wata cuta ana ce mata taifus," in ji Fiddausi. "Ba taifod ɗin da kowa ya sani ba, wannan daban take, ƙumar jikin ɓera ce ke kawo ta. Zazzaɓi ne mai zafi da ciwon kai, mutum ya yi ta shan maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi, alhali tana da nata maganin. Ni ina so in nuna akwai ta a nan wajenmu."

Ta ciro wani tsohon farantin roba daga jaka, bai fi tafin hannuna ba, da ƙananan ramuka a jere.

"Ƙwayar cutar tana da wani furotin a bayan jikinta, shi ne kamar rigarta. Jinin da ya taɓa haɗuwa da ita ba ya manta rigar nan. To an samo mana ƙyallen rigar, an shafa a gindin kowane rami. In na ɗiga ruwan jinin mutum, in ya san rigar sai ya cafke ta, ramin ya koma ruwan ɗorawa. In bai san ta ba, ya zauna fari tas."

Kubura ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe jini ma yana gane hannu."

"Yana ganewa, Inna. Amma shekara biyu ke nan ina bin masu zazzaɓi daga Gaya har Ajingi, mutum tamanin da shida na gwada, ko rami ɗaya bai yi launi ba. Farfesa ya ba ni wata biyu. Ko in samo ta a jinin mutum, ko in kawo ƙuma da yawa daga jikin ɓerayenmu a duba. In ba haka ba a soke aikin, in koma farko da wani. Kuma ramuka takwas suka rage mini."

"Shekara biyu a zubar? A kan ƙuma?" Kubura ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Direban gwangwani, ajiye furar nan ka tashi."

Haka na tsinci kaina a hanyar Toranke da tarkon waya goma sha biyar a bayan adaidaita. Wajen Bappa muka nufa, tsohon aminin Malam Yahya, manomi mai rumbu uku da ɓerayen da suka fi ƙarfinsa. Ya saurari buƙatarmu har ƙarshe, ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi dai tun da aka haife shi bai taɓa ganin wanda ya zo neman ɓera da sallama ba. Washegari da muka koma, sai muka tarar mutanen unguwa sun yi mana karamci. Sun bi da sanda sun kashe ɓeraye sun tara mana tuli guda a inuwa. Fiddausi ta sha wahala kafin ta fahimtar da su cewa da jikin ɓera ya yi sanyi ƙuma ke tattara nata ya nata ta gudu. Bappa ya ce to wannan ƙuma ba ta da amana.

Sai muka koma tarko. Mu ɗana da yamma da ƙuli-ƙuli, mu kwashe da safe mu kawo Gaya. A bayan gidan Kubura ake aikin. A saka ɓera a bokiti mai murfi tare da auduga da aka jiƙa da maganin sa barci, shi da ƙumarsa su suma. Ni in riƙe shi a kan farin baho, Fiddausi ta taje shi da matsefi, ta ɗauki ƙuma da hantsaki ta jefa a 'yar kwalbar sifirit. Sharaɗin shi ne ƙumar ta shiga kwalba da jikinta cikakke, don a gane irinta a kuma duba abin da ke cikinta. Matsalar, kafin Fiddausi ta saita hantsaki ƙumar ta farfaɗo ta yi tsalle, sai dai mu bi ta da ido.

Kubura ta daure ta yi kallo na rabin awa, wanda a wajenta jihadi ne.

"Ba ni nan," ta ce. "Wannan taje kai ne ko sosa wa jaki baya?"

Fiddausi ta sa mata safar hannu ta roba, ta ja mata kunne. Kubura ta ɗauko wata tsohuwar kibiyar kitso, ta tsaga gashin ɓeran nan layi-layi tun daga wuya har gindin wutsiya kamar za ta yi masa kalaba. Ba ƙumar da ta tsira. Kwana biyu ana haka lafiya lau, tana yi tana cije leɓe, ta cafke ta jefa a kwalba ba tare da ta matse ba. Muka haɗa guda tara, Fiddausi har da rawa.

A rana ta uku Farfesa ya kira Fiddausi Kano. A safiyar kuma tarkunan Bappa suka cika maƙil, ɓera goma sha huɗu, kowane sai ka ce an yi masa kiwo. Ba yadda za a ajiye su su jira. Tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa tana nanatawa: "Inna, safa. Inna, don Allah kada ki kashe, ki jefa ta yadda take." Kubura ta ce wai ita za a koya wa aiki, ta tafi Allah Ya kiyaye hanya.

Da farko komai daidai. Sai rana ta take, sai ga maƙwabciyarta Gaji ta leƙo kallon abin mamaki, ta kuma zo da labari a baki. Wai wata amarya a bayan tasha, kitson da wata sabuwar mai kitso ta yi mata ya warware tun kafin a kai ta ɗakinta. Jama'a, nan fa Kubura ta hau. Ta ce ai dama ta faɗa. Ta tuɓe safar hannu ɗaya don ta nuna wa Gaji yadda ake kama gindin gashi, ta tuɓe ɗayar don gumi ya cika ta, labari ya yi daɗi, hannu ya koma gidansa na asali. Ƙas. Ƙas. Ta share gumin ido da bayan yatsa, ta sosa inda wata ta cije ta a wuyan hannu, ƙas. Kuma don tsabar riƙon amana, duk wadda ta murƙushe sai ta kankare ta daga farce ta jefa a kwalba.

Ni nake riƙe da ɓerayen, kunnena ƙalau yake, amma wallahi ban ji komai ba. Tun ina yaro nake jin wannan ƙarar a gefenta, ta zame mini kamar kukan kaji. Har yau in na tuna ina jin haushin kaina.

Fiddausi ta dawo washegari muka tare ta da murna, muka ce guda sittin da uku. Ta juye kwalbar a faranti, ta kara gilashin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ban da 'yan kaɗan na farko, kowace a baje take, ba kai ba ƙafa, abin da ake nema a cikinta ya tafi a farcen Kubura. Ta fara dariya, ta yi ta yi har hawaye ya zubo, daga baya dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba. Kubura ta tsaya tana kallon farcenta. Muka koma Toranke muka ɗana tarko kwana biyar a jere, amma mun riga mun yi wa Bappa aikin alheri, ɓerayensa sun ƙare. Ƙadangare ɗaya muka kama da ɗan tsako.

Kwana goma sha ɗaya bayan ranar ƙas-ƙas, Kubura ta tashi da ciwon kai kamar ana sara mata itace a ka, jiki zafi rau. Na kwashe ta da Fiddausi zuwa asibiti. Aka yi gwajin zazzaɓin sauro, babu. Ina kallon Fiddausi tana lissafin kwanaki da yatsu, fuskarta na sauyawa. Ta shiga ta yi wa likita bayanin ɓera da ƙuma da safar da aka tuɓe, shi kuma ya ce ba sai an jira gwaji ba, ya rubuta kafso safe da yamma na mako guda.

Kubura da ke kwance a benci tana nishi ta ɗago kai. "Ke, tsaya. Ita ce? Cutar taki ce?"

"Wataƙila, Inna."

Sai ga mara lafiya ta tashi zaune. "Alhamdu lillahi! Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo!" Da ban toshe mata baki da gefen mayafinta ba da ta rangaɗa guɗa a layin ganin likita. Ta miƙa hannu tana cewa a ɗiba, a ɗiba da yawa, kada a ji tausayinta.

Fiddausi ta kai jinin Kano. Da yamma ta bugo waya, na sa a sifika. Rami fari tas. Ta ce kada mu damu, dama jini yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya gama sanin rigar, an yi sammako ne, za a sake nan gaba. Ni abin da na ji ke nan. Ashe Kubura wani abu daban ta ɗauka. A lissafinta cutar ba ta nuna ba tukuna, in kuma aka kore ta da magani tun tana ɗanya, yaushe jini zai ƙare mata kallo?

Zazzaɓin da ya fara sauka sai ya dawo da ƙarfinsa. Gaji ta ce wasu ƙananan ƙuraje sun feso mata a ciki da baya. Fiddausi ta dawo ta rasa gane kan abin, ga shi da hannunta take ba ta maganin tana gani ta kai baki ta kora da ruwa. Ita kuwa Kubura in ka tambaye ta sai ta ce lafiya lau, ɗan zafin rana ne, ta tambaye ni ko gwangwanina ya daina tari. Leɓenta ya bushe, idonta ya faɗa, bakin nan dai bai mutu ba.

A rana ta uku bayan wayar nan, da azahar, na kawo mata lemon zaƙi. Na zo gyara mata matashi, sai gwangwanin man kitsonta ya gangaro daga ƙarƙashi ya buɗe. Kafso shida suka watse a tabarma. Ashe a gefen kunci take maƙale su, in an juya baya ta tofo ta adana.

Ban san sanda na daka tsawa ba. Fiddausi ta shigo da gudu, ta ga abin da ke tabarma, ta tsaya cak.

"Ni na murƙushe miki ƙumarki," in ji Kubura, muryar da ƙyar take fita. "Ki bar ni in biya ki da wadda ke jikina. Kwana nawa ne? In ta nuna sai in sha."

Fiddausi ta durƙusa ta kama hannunta. "Inna, magani ƙwayar yake kashewa, ba ya goge abin da jini ya riga ya gani. Kuma ko da yana gogewa, wallahi gara in jefa digirin a rijiya. In na karɓo takardar wa zan kawo wa?"

"Kin tabbata ba ya gogewa?"

"Na tabbata."

"To ba ni."

Ta haɗiya, ni kuma na ce ta buɗe baki in duba, har ƙarƙashin harshe. Ta ce Allah Ya isa tsakaninta da ni, ta buɗe. Daga ranar safe da yamma nake ajiye fasinja in zo duba bakin Kubura kamar mai sayen akuya. A kwana na biyu gumi ya karyo mata, ta nemi tuwo da miyar kuka, ta ce wanda Gaji ta yi ba gishiri. Nan muka san ta dawo. A zaure Fiddausi ta raɗa mini cewa littafi dai cewa ya yi yawanci ba ya gogewa. Na ce ta riƙe yawancinta a ciki, kada in sake ji.

Saura kwana tara wa'adin Farfesa ya cika aka sake ɗibar jinin. Kubura ta ce ƙafarta ƙafar Fiddausi, jininta ba zai yi tafiya babu muharrami ba. Na ajiye adaidaita a tasha muka hau mota mu uku. A jami'ar aka zaunar da mu a benci ƙarƙashin darbejiya, tun hantsi har la'asar. Kubura ta ƙare wa kawunan ɗalibai mata kallo, ta yanke hukuncin cewa Kano ba masu kitso.

Sai ga Fiddausi ta fito da gudu cikin farar riga, faranti a hannu, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙofa. Ta miƙo mana shi tana nunawa. Ramuka biyu ne gefe da gefe. Na jinin farko fari tas, na jinin yau kuwa ruwan ɗorawa shar, ko makaho ya shafa ya ji.

Kubura ta leƙa, ta ƙara leƙawa. "Wannan ɗan ɗigon ne duk wahalar?" Sai ta saki guɗar da na hana ta a asibiti, har da bashin ta wancan karon. Ɗalibai suka firfito ta tagogi. Ta taka rawa taku uku, jiri ya ɗebe ta, na tare. Farfesan da kansa ya fito, wani dattijo mai gilashi, ya gaishe ta da girmamawa. Ya ce jinin mutum ɗaya, na farko bai san rigar ba na biyu ya sani, wannan hujja ce da ta fi kwalbar ƙuma. Ya ƙara da cewa amma kada ta kuma wasa da magani. Ta ce ta ji, ya turo matarsa Gaya a yi mata shuku kyauta.

Sannan ta gyara mayafi ta dube shi sosai. "To yanzu za ku bar ta ta gama?"

"Za ta gama, Hajiya, in sha Allahu."

Fiddausi ta tsaya a Kano don ta fara rubutu, mu biyu muka juyo. Daga tasha har gadar Wudil, daga Wudil har Gaya, ba fasinjan da bai ji labarin jinin Kubura mai gane riga ba. Wani bawan Allah har ya nemi ta duba masa nasa. Muka sauka, ta hau bayan adaidaita, na ja. Sai na ji shiru. Na leƙa madubi na ga ta haɗa kai da ƙarfen gefe.

"Ɗantani, tsaya."

Na gangara gefen titi na kashe inji.

"Ranar nan da ka kawo lemo," ta ce, "kafin ka shigo na daina ganin ƙofar ɗaki. Na yi kalmar shahada. Na ce shi ke nan na tafi, kuma ban ma san ko ramin zai yi launi ba. Wallahi na ji tsoro, ban taɓa jin irinsa ba." Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Kada ka gaya mata sai ta karɓi takardarta."

Na laluba ko'ina in samo tsokanar da zan yi mata, na rasa. Nima idona ya cika. Muka zauna a nan, masu babur na wucewa suna mana hon, har ta gama ta share fuska ta ce in ja mu tafi.

Wata bakwai na riƙe maganar nan, ni da ba na iya riƙe sirri daga safe zuwa azahar. Ranar da Fiddausi ta karɓo takardarta ni na ɗauko ta daga tasha, kuma a ƙofar gida na gaya mata. Ta bar takardar a kan kujerar adaidaita ta shiga gida da gudu.